Daga kulob na ƙauye zuwa tawagar ƙasa: yadda Faransa ke rainon ƴan tseren ski

Ski wasa ne na zamiya daga saman tsauni kan dusar ƙanƙara, da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa. Faransa, wadda za ta karɓi wasannin Olamfik na hunturu a 2030 a tsaunukan Alpes, tana da tsani da kowane yaro ke hawa kafin ya sa rigar ƙasa, ƙarƙashin hukumar FFS da aka kafa a 1924, mai cibiya a Annecy.

Yara na farawa tun suna shekara uku ko huɗu a makarantun ESF da ke kusan kowane garin tsauni. Ana yi musu jarrabawa ana ba su lambobi, daga Ourson da Flocon har Étoile d'or, sannan gwajin gudu da agogo, Flèche da Chamois. Wanda aka ga ƙafarsa da kyau sai kulob na garinsu ya ɗauke shi, kamar na Val d'Isère ko Courchevel. Daga nan yana tsere bisa rukunin shekaru, U12, U14, U16, kuma kwamitin yanki, irin na Savoie ko Mont-Blanc, yana tace na gaba-gaba.

A shekara 16 ne ake fara rarrabe zare da abawa, domin a nan matashi ke shiga tseren hukumar duniya, FIS. Makin FIS a juye yake: mafi ƙarancin maki shi ne gwani. Makin kuwa shi ke ba mutum lambar tashi. Waɗanda suka fara sauka suna samun hanya sumul. Mai lamba 80 yana tarar da ita duk ramuka, sawun waɗanda suka riga shi. Sabon shiga dole ya yi abin kirki a kan mummunar hanya kafin a ba shi mai kyau, kuma da yawa a nan suke sarewa.

Karatu ma matsala ne, tunda lokacin tsere da na makaranta suna cin karo. Lise Jean Moulin ta Albertville ta warware wannan: ɗalibai na zama aji daga bazara zuwa kaka, a sake su lokacin sanyi, su yi bakaloriya cikin shekara huɗu maimakon uku.

Mataki na gaba shi ne ƙaramar tawagar ƙasa da Kofin Turai, sai Kofin Duniya ga ƙalilan. Clément Noël misali ne. An haife shi a 1997 a Remiremont, yankin Vosges inda tsaunukan ba su da tsawo, ya koma Val d'Isère yana matashi, ya zama zakaran duniya na matasa a slalom a 2018, ya ci zinare a Beijin a 2022.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗi. Alluna da takalma, tafiye-tafiye, atisaye kan ƙanƙarar ƙololuwar tsauni lokacin zafi, yawanci daga aljihun iyaye suke fitowa har sai yaro ya shiga tawagar ƙasa. Ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, da ɗan talaka zai fara a fili ba takalmi. Hasali ma, manyan ƴan wasan sukan samu albashi ne ta hanyar aikin gwamnati: Tessa Worley, zakarar duniya a 2013 da 2017, soja ce lokacin da take tsere, Alexis Pinturault kuwa, wanda ya ɗauki Kofin Duniya na 2021, ya kasance cikin tawagar duwan.

Sai rauni. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta zama ruwan dare, takan ci wa mutum kaka guda cif, makinsa ya lalace, tsararrakinsa su wuce. Gudun da ake yi ya isa bayani: a 2013 an auna Johan Clarey a Wengen ta Suwizalan yana kilomita 161,9 a awa.