Yadda gishiri ke cin ƙarfen da ba ya tsatsa

A garuruwan Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa na jihar Jigawa, ana amfani da ƙarfe marar tsatsa a kwanukan abinci da kayan ɗakin amare da wasu bututun rijiyoyin burtsatse.

Sai dai ruwan gishiri yana iya huda shi.

Ƙarfen, wanda Harry Brearley ya sarrafa a Sheffield ta Ingila a 1913, yana ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na sinadarin kuromiyam. Shi ne ke yi masa wani siririn rufi mai kariya idan ya haɗu da iska.

Sinadarin kuloraid na cikin gishiri yana fasa rufin, sai ƙananan ramuka su riƙa ci ta ciki har kwano ko bututu ya fara yoyo. Zafi da daɗewar ruwa wuri guda suna ƙara saurin ɓarnar.

Samfurin 316, mai ɗauke da sinadarin molibdinam, ya fi 304 juriya, amma ya fi tsada.

Don haka bai kamata miya mai gishiri ta kwana a kwano ba. A wanke shi, a ɗauraye, a shanya.