Ƙasar Ogoni da Mulkin Bakin Bindiga

Yaranmu da aka haifa a nan Fatakwal bayan 1998, da yawansu sun san Ken Saro-Wiwa ne kawai a matsayin sunan makarantar kimiyya da ke Bori. Manyanmu kuwa ba su manta da Juma'ar 10 ga Nuwamba 1995 ba, ranar da aka rataye shi da mutum takwas a gidan yarin garin nan.

Maganar ta faro tun 1958, lokacin da kamfanin Shell ya fara haƙo mai a ƙasar Ogoni. Dokar soja ta 1969 ta mayar da duk man ƙasar nan hannun gwamnatin tarayya, ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. To kun ga, manomin da bututu ya ratsa gonarsa ba shi da ta cewa. Mai ya malala cikin rafi, kifi ya mutu, rogo ya ƙi yi, wutar gas tana ci dare da rana. Wa za ka kai wa ƙara? Wanda ya kafa dokar shi ne ke karɓar kuɗin man.

A 1990 suka kafa ƙungiyar MOSOP, a Janairun 1993 kuma dubban ɗaruruwa suka fito zanga-zangar lumana, har Shell ya dakatar da haƙo mai a yankin. Da Janar Sani Abacha ya hau a Nuwamban wannan shekara, sai lamarin ya koma na bindiga. A Mayun 1994 wasu gungun mutane suka kashe manyan Ogoni huɗu a Gokana. Wannan kisa abin Allah wadai ne, kuma ya cancanci shari'a ta gaskiya. Amma me aka yi? Aka tura sojoji ƙauyuka, aka kafa kotun musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta, lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka janye don sun ga an riga an gama. Bayan ratayar, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya.

Mu da ke zaune a Kudu mun ɗanɗana wani ɓangare na abin. Mai sayar da albasa da mai yankan farce babu wanda ya shawarce su, amma tun soke zaɓen 12 ga Yuni aka riƙa yi mana kallon 'yan'uwan masu mulki. Alhali gwamnatin nan ba ta ƙyale gida ba: ita ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, a hannunta kuma Shehu Musa 'Yar'adua ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disamban 1997. Wasunmu har yau suna yabon zamanin saboda hanyoyi da magungunan PTF. Ai an yi su, ba mu musa ba, sai dai kuɗin daga irin rijiyoyin nan ya fito.

Ƙasar kuwa ba ta warke ba. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa a Nisisioken Ogale, nan kusa a Eleme, mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ninki 900 na abin da aka amince da shi. Ta ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin a Bodo.