Abin da Ya Hana Dankalin Turawa Zama a Lambunan Gadarif

Gadarif rumbun Sudan ce, kuma mai sayen dawa ko riɗi a ƙasar ya san haka. Hausawa sun daɗe a cikinta, wasu jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, daga baya suka bazu a gaɓar kogunan Rahad da Atbara da Setit suna su da noman lambu. Mutane ne da kowa ya shaida da iya ban-ruwa da renon shuka. Duk da haka dankalin turawa, wanda ake jefawa a miya a gidajen Sudan, bai zama amfanin lambunsu ba, akasari daga wasu jihohi ake kawo shi kasuwa. A ganina dalilin yana ga iri, domin abin da al'umma ke nomawa shekara da shekaru shi ne abin da take iya adana irinsa da hannunta daga kaka zuwa shuka.

Irin dawa da kuɓewa da yakuwa busasshiyar ƙwaya ce, ana ƙulle ta a tsumma a ratsa Wadai da Darfur da Kordofan da ita ba ta lalace ba. Manoman yankin sun saba binne dawa a ramin da ake kira matmura, ta shekara a ƙasa lafiya. Ko da Turawan Ingila suka shigo da tarakta filayen Gadambaliya wajen 1945 don ciyar da sojojinsu, sannan aka kafa hukumar noman inji a 1968, dawar nan ta gado irin su fatarita aka faɗaɗa, saboda kilo kaɗan ya isa hekta guda. Dankalin Hausa ma bai ba kowa wahala ba: a bar 'yar kunya a gefen kogi, lokaci ya yi a yanki yaɗo a dasa.

Dankalin turawa kuwa irinsa shi ne kansa, mai rai, cike da ruwa, yana numfashi. Daga tsaunukan Andes ya fito, ya isa Sifen wajen 1570, kuma har yau sanyi yake so. Bayan an haƙe shi yakan yi barci na wata biyu zuwa uku, ko an shuka ba zai fito ba. Mai lambun da ya san aikinsa yakan zaɓi masu girman ƙwan kaza marasa rauni, ya shimfiɗa su ɗai-ɗai a inuwa mai haske da iska, har idanunsu su yi toho gajere, mai kauri, kore ko shuni-shuni. Wanda aka bari a duhun buhu tohonsa fari ne, dogo, da an taɓa ya karye. In dankalin babba ne a raba shi da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da ido biyu, a barbaɗa toka a jira fuskar ta bushe, ko da yake a ƙasa mai zafi yanka yakan jawo ruɓa, gara a shuka shi ɗungum. Hekta guda tana cin kusan tan biyu na wannan iri. To a Gadarif sanyin bai wuce daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba. Wanda ya haƙe a Maris dole ya tsallakar da irinsa cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, sannan damina, kusan wata takwas ke nan, alhali dankalin ya farka tun a wata na uku yana cinye kansa.

Za a ce ai laifin ƙasa ne, tunda baƙar lakar Gadarif tana danƙo da damina, ta tsattsage da rani. Gaskiya ne ba ta yi wa dankali ba, amma Hausawan lambu ba a nan suke shuka ba, suna bin ƙasa da yashin da kogi ya bari ne, kuma irin wannan ƙasar ce ke ba da dankali a arewacin Khartum a bakin Nilu. Bambancin shi ne manoman can suna kusa da ɗakunan sanyi da dillalan da ke shigo da iri daga Holan, irin su Alpha da Spunta. Inda aka riƙe iri ba tare da jirgin ruwa ba, tudu ne mai sanyi: Jabal Marra a Darfur, da Jos a Najeriya, inda noman ya bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ko a can ma iri yana gajiya, don ƙananan ƙwari masu tsotson ganye suna yaɗa cuta, amfani ya riƙa raguwa shekara bayan shekara har a nemi sabo.

Akwai kuma masu cewa wannan tsohon zance ne, tunda an gama madatsar Atbara da Setit a 2017, ruwa da lantarki sun samu. Ruwa ya warware rabin matsalar, ban musa ba, kuma magidanci zai iya sayen kilo kaɗan a Nuwamba ya cika kunya biyu a bayan gida. Sai dai irin da sai an biya shi da kuɗin waje, a sauke a Port Sudan, a ajiye a ɗakin da wuta ba ta yankewa, iri ne da ya dogara ga zaman lafiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, har Wad Madani mai cibiyar binciken noma ta ƙasa ta faɗi a Disambar shekarar, hanyoyin kaya sun rikice, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, kuma dawa da kuɓewa da dankalin Hausa ne aka iya ci gaba da shukawa ba tare da jiran kowa ba.