Furiyar: gidan ciyawa ko gidan wahala?

Duk ɗan Matameye ya san furiyar. Da damina, jaki ko akuya ta faɗa gonar gero, sai a kora ta can, mai ita ya zo ya biya ya karɓa. Kalmar daga Faransanci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da kalmarsu ta abincin dabbobi. Wato asalin furiyar wurin ciyarwa ne. Ku riƙe wannan.

Tun kafin Nasara, malamanmu na da hukuncin ɓatacciyar dabba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Damagaram, ta hana ɗaukar raƙumin da ya ɓace a daji, domin yana iya ciyar da kansa. Tunkiya kuwa, in an tsince ta inda babu mutane, an yarda a ci. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa a zamanin Sayyidina Umar barin ɓatattun raƙuma ake yi, sai Sayyidina Usman ya sa a yi cigiya, a sayar, a ajiye wa mai su kuɗinsa.

Mulkin mallaka ya kawo shinge da takardar tara. Bayan ƴancin kai Nijar ta ci gaba da tsarin: dokar tsarin karkara ta 1993, dokar kiwo ta 2004, ƙudurin 2006 kan tsare dabbobin da ke yawo, sai dokar makiyaya ta 2010. Tsarin dai shi ne a tsare, a yi cigiya, in wa'adi ya cika ba mai ita, a yi gwanjo.

To, ina wadda ba za ta kai wa'adin ba? Saniyar da ta karye ko tunkiyar da ta kumbura, nan Bahaushe bai da gardama: a kawo wuƙa kafin ta yi mushe. Sai dai a lura, tausayi da lissafin nama ne suka haɗu. Jaki da kare ba a cin su, shi ya sa mai ciwo cikinsu kan kwana yana nishi, ba mai gaggawa. Mai gadi kuma tsoro yake ji, kar ya kashe dukiyar wani gobe a ce ya biya.

Maganar ke nan da ya kamata mu kai wa magajin gari. Likitan dabbobi ya duba, ya rubuta cewa ba ta tashi, shaidu su sa hannu, a hutar da ita a ranar. In ana cin namanta kuma lafiyayye ne, a sayar a ajiye wa mai ita kuɗinsa, kamar yadda Sayyidina Usman ya yi da kuɗin raƙuma. Sauran da ke jira kuwa a ba su ruwa da ciyawa, tunda sunan gidan ma abin da ya ce ke nan.