Masu kula da lafiyar 'yan wasa a yammacin Zamfara: maɗori da likitan gashin ƙashi

A duk lokacin da ɗan wasa ya faɗi a filin ƙwallon ƙafa, akan ga wani mutum ya rugo cikin fili riƙe da jaka. Galibi wannan mutum shi ne likitan gashin ƙashi na ƙungiyar, wanda ke bin 'yan wasa duk inda suka sa ƙafa.

A ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda dambe da kokawa suka girmi tamaula nesa ba kusa ba, wannan aiki ya daɗe a hannun maɗora da iyayen gidan 'yan wasa.

Masana kiwon lafiya dai na cewa abin da aka yi wa ɗan wasa a sa'o'in farko bayan ya ji rauni, shi ne yawanci ke yanke hukuncin ko zai sake komawa fage.

Wane ne likitan gashin ƙashi?

Duk da sunan da Hausawa suka ba shi, aikinsa bai tsaya ga ƙashi ba. Ƙwararre ne wajen maido da motsin gaɓoɓi da ƙarfin tsoka bayan rauni ko jinya, ta hanyar atisaye da tausa da zafi da sanyi da kuma wasu na'urori.

A Nijeriya yakan shafe shekaru 5 a jami'a, wasu jami'o'in ma sun mai da karatun shekaru 6, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Ba shi da izinin taɓa majinyaci sai ya yi rajista da hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1988 domin sa ido kan masu wannan sana'a.

Sana'ar ta shigo ƙasar ne a 1945, ta hannun wasu Turawan Ingila biyu a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. An kafa ƙungiyar masu aikin ta ƙasa a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta soma ba da digiri a fannin a 1966.

A arewacin ƙasar, Kano ce ta zamo cibiyar horon, ta hanyar asibitin ƙashi na Dala da Jami'ar Bayero.

Rayuwa a kan hanya

Wanda ke aiki da ƙungiyar ƙwallo, rabin rayuwarsa a mota take. Ƙungiya irin Zamfara United, wadda ta taɓa bugawa a babbar gasar Nijeriya, kan yi doguwar tafiya daga Gusau kafin ta kai filin abokan karawarta.

Zaman mota na sa'o'i da dama yana sandarar da tsoka, ya kumbura ƙafa. Don haka da an sauka, aikinsa na farko shi ne ya sa 'yan wasa miƙe jijiyoyi, ya kuma duba masu tsohon ciwo.

Ranar wasa shi ke riga kowa shiri. Zai naɗe idon sawun wanda ya taɓa targaɗe, ya jagoranci ɗumama jiki, ya tanadi ƙanƙara da bandeji da ruwan sha.

Batun ruwan ba ƙaramin abu ba ne, domin a watan Afrilu zafi kan haura maki 40 a ma'aunin Selshiyos a wannan yanki.

Idan ɗan wasa ya faɗi, daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya tantance ko zai iya ci gaba. A nan ne yakan sha matsin lamba daga koci da magoya baya, wani lokaci ma daga ɗan wasan kansa, wanda ke tsoron rasa gurbinsa da kuma ladan wasa.

Bayan an tashi kuma, sai jinya ta soma. Tsagewar tsokar bayan cinya kan ɗauki makonni, yayin da tsinkewar babbar jijiyar da ke riƙe gwiwa kan buƙaci tiyata da kimanin watanni 9 na atisaye.

Matafiyan dambe da kokawa

Tun kafin zuwan ƙwallo, ƙasar Hausa na da 'yan wasanta matafiya. Da kaka ta yi, 'yan dambe, waɗanda asali mahauta ne suka fi yawa a cikinsu, kan bi garuruwa da kasuwanni tare da makaɗansu suna neman abokan karawa.

Yammacin Zamfara na da suna a wannan fage. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, mutumin ƙasar Zamfara ne.

A yau tafiyar ta ƙara nisa, domin matasan 'yan dambe kan nufi gidajen wasa na Kano da Dei-Dei a Abuja da Maraba a jihar Nasarawa.

Raunukan dambe sanannu ne. Hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ke kai bugu, saboda haka ƙasusuwan bayan hannu da wuyan hannu ne ke shan wuya. Akwai kuma fashewar gira da leɓe, da karayar muƙamuƙi, da buguwar kai.

A kokawa kuwa, an fi samun gocewar kafaɗa da targaɗen gwiwa da ciwon ƙugu.

Ɗan dambe ba shi da likitan ƙungiya. Uban gidansa da abokan tafiyarsa ne ke gasa masa jiki da ruwan zafi, su murza shi da man kaɗe. Idan abin ya kai ga karaya, sai a nemi maɗori.

Matsayin maɗori

Ɗori sana'a ce ta gado. Maɗori kan lalubi wurin da hannu, ya ja gaɓar ya daidaita ƙashin, ya shafa magani, sannan ya jera karare ya ɗaure.

Dalilan da suka sa jama'a ke zuwa wurinsa a fili suke. Yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, an san shi an san iyayensa, kuma akan iya biyansa bayan an warke. Karaya mai sauƙi wadda ƙashi bai goce ba, sau da yawa takan haɗe a hannunsa.

Sai dai likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa kan waɗanda ake kawo musu bayan ɗori ya ɓaci.

Babban haɗarin shi ne ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da ke ci gaba da kumbura. Jini kan daina gudana, tsoka ta soma mutuwa cikin 'yan sa'o'i, ƙarshenta a kai ga yanke hannu ko ƙafa.

Alamomin da ke nuna haka su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da mutuwar yatsu, da sanyinsu ko sauyin launinsu. Duk wanda ya ga haka, a sassauta ɗaurin nan take a garzaya asibiti.

Haka nan karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ta shafi gaɓa, ko rauni a wuya da gadon baya, ba na ɗorin gida ba ne.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan haɗewar ƙashi. Gaɓar da ta yi makonni a ɗaure takan sandare, tsokarta ta motse. Ga manomi wannan matsala ce, ga ɗan dambe kuwa ƙarshen sana'a ne. Maido da wannan motsi shi ne ainihin fagen likitan gashin ƙashi.

Raunin da ido ba ya gani

Abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. A dambe, kai abokin karawa ƙasa shi ake kira kisa, kuma ba abin mamaki ba ne a ga wanda aka buge jiya ya sake ɗaure hannu yau.

Ƙa'idar likitoci ita ce, wanda ya suma, ko ya ruɗe, ko yake jiri da amai bayan bugu a kai, kada ya sake wasa a ranar. Zai huta kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya koma atisaye mataki-mataki. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kisa na gaskiya.

A 2024 ne hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da ƙarin canji na musamman domin wanda ya bugu a kai.

Sai kuma tsayawar zuciya. A ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a Legas, ana wasa tsakanin Nijeriya da Angola. A watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a wasansu da Katsina United, bai kuma tashi ba.

Shi kuwa Christian Eriksen na Denmark, wanda zuciyarsa ta tsaya a fili a watan Yunin 2021, ya rayu har ya koma wasa, domin an danna masa ƙirji an kuma sa masa na'urar farfaɗo da zuciya cikin mintoci.

Nisa da tsaro

Akwai babban asibiti a Anka da Gummi da Bukkuyum, amma mai neman ƙwararren likitan ƙashi ko gashi na tsawon lokaci yakan nufi Gusau ko Sakkwato. Ƙwararrun ba su da yawa a ƙasar, kuma akasarinsu a manyan birane suke.

Shi gashi ba zuwa ɗaya ba ne, yakan buƙaci komawa sau da dama cikin makonni. Ga mutumin da zai bi hanyar Ɗaki Takwas zuwa Anka da Mayanci kafin ya kai Gusau, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi haƙura.

Hare-haren 'yan bindiga sun ƙara dagula lamarin. A watan Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako tare da katse layukan waya a jihar na wani lokaci, a watan Janairun 2022 kuma aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Abin da ke iya yiwuwa

Ba kowane mataki ne ke buƙatar kuɗi ba. Shirin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar FIFA ta fito da shi a 2006 ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo, kuma binciken da aka wallafa a 2008 kan matasa 'yan wasa mata a Norway ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sabon targaɗe kuma sanyi yake so, ba zafi ba. Akan sa ƙanƙara a cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, a naɗe wurin ba da tsanani ba, a ɗaga ƙafar. Ruwan zafi da murza sai bayan kumburi ya lafa.

Likitocin ƙashi da dama na ganin cewa tunda maɗori ne ke fara ganin mai rauni, abin da ya fi shi ne a horar da shi ya san karayar da zai ɗora, da wadda zai tura asibiti tun kafin dare ya yi.