Kuɗin Murhu: Yadda Ake Raba Haraji a Masarautar Biretanyi a Ƙarni na 14 da na 15

Idan aka yi zancen haraji, tambayar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce: nawa aka yanka? Amma akwai wata tambaya da ta fi ta nauyi a rayuwar talaka, wato: a kan wa aka ɗora, kuma wa ya yi rabon? Tarihin kuɗin murhu a masarautar Biretanyi yana nuna cewa sau da yawa zaluncin haraji a wajen rabo yake ɓuya.

Kafin mu yi nisa, sai mu daidaita sunaye. Biretanyi da muke magana a kai ba Birtaniya ta Ingilishi ba ce. Wani yanki ne a yammacin Faransa ta yau, wanda ya kutsa cikin tekun Atilantika, Faransawa suna rubuta sunansa Bretagne. A zamanin da muke dubawa tana da mai mulkinta, wanda sarautarsa ita ce duc, muƙamin da ke ƙasa da na sarkin Faransa. Yana yi wa sarkin Faransa mubaya'a, amma yana da fadarsa da sojojinsa da baitulmalinsa, har da gidan buga kuɗinsa. A nan za mu riƙa kiransa sarkin Biretanyi. Shi kuwa harajin, sunansa fouage, daga kalmar da ke nufin wuta ko murhu. Saboda haka muka fassara shi da kuɗin murhu.

A al'adar Turai ta wancan lokaci, ana sa rai basarake ya riƙe kansa da abin da gandunsa da dazuzzukansa da kotunansa suke kawo masa. Ba ya taɓa aljihun jama'a sai wata babbar larura ta taso, kamar yaƙi ko fansar sarki daga hannun abokan gaba. Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa shi ya rushe wannan tsari, domin larurar ta ƙi ƙarewa. Biretanyi ma ta yi nata yaƙin gado daga 1341 har zuwa 1364, lokacin da Jean na gidan Montfort ya yi nasara a fagen Auray. Yarjejeniyar Guérande ta 1365 ta tabbatar masa da sarauta, ya zama Jean na Huɗu. Ya tarar da ƙasa a ragargaje, ga bashin Ingilishi da suka taimake shi. Daga zamaninsa ne kuɗin murhu ya fara zama abin da ake yawan nema, har daga bisani ya zama na kusan kowace shekara. Irin wannan haraji abu ne mai haɗari ga mai mulki. A 1368 ɗan sarkin Ingila da ke mulkin Akitaniya, a kudu maso yammacin Faransa, ya sa kuɗin murhu, sai manyan ƙasar suka kai ƙararsa wurin sarkin Faransa, yaƙi ya sake ɓarkewa. Sarakunan Biretanyi sun san wannan, shi ya sa suke neman yardar majalisar ƙasa, wadda ta ƙunshi shugabannin coci da masu sarauta da wakilan birane, kafin a yanka harajin.

Rabon yana sauka ne hawa-hawa. A hawa na farko, sarki da majalisa suna yanke abin da kowane murhu zai biya. A hawa na biyu, ma'aikatan baitulmali suna duba littafin murhu. An raba ƙasar zuwa larduna tara, kowanne a ƙarƙashin bishop: Rennes, Nantes, Vannes, Cornouaille, Léon, Tréguier, Saint-Brieuc, Saint-Malo da Dol. A cikin kowane lardi akwai gundumomin coci, waɗanda jimillarsu ta haura dubu, kuma an rubuta wa kowace gunduma adadin murhunta. Sai a ninka abin da aka yanka da wannan adadi, a aika wa gunduma takardar abin da ake binta. Mai karɓar haraji na lardi shi ke tara kuɗin, daga baya ya je ya ba da bayani gaban majalisar lissafi, wadda mazauninta ya daɗe a birnin Vannes. A hawa na uku kuwa, hukuma tana janye hannunta, ta bar mutanen gunduma su raba wa kansu. Suna zaɓar wasu daga cikinsu su yi rabon gida-gida, wasu kuma su bi su karɓa. Ƙa'idar da aka ɗora musu ita ce mai ƙarfi ya ɗauki mara ƙarfi, wato kowa ya biya gwargwadon halinsa.

Abin lura a nan shi ne gunduma ce ake bi bashi gaba ɗayanta. Baitulmali bai san Wane ko Wance ba, jimilla ya sani. Idan wani magidanci ya mutu, ko ya tsere, ko aka yafe masa, jimillar tana nan yadda take, sai maƙwabtansa su cike giɓin. Daga wannan ƙa'ida guda ce kusan duk rigingimun kuɗin murhu suka samo tushe.

To, mene ne murhu? Da farko ma'anarsa a fili take: gida guda, inda ake hura wuta guda, ana cin tukunya guda. Amma jama'a ba ta tsayawa wuri ɗaya, littafi kuwa yana tsayawa. Annobar da ta shiga Turai a 1347 ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, ga yunwa, ga ɓarnar mayaƙa a kan iyaka. A 1392 an lissafa murhu fiye da dubu 98 a faɗin masarautar. Bayan shekara talatin, gundumomi da dama suna biyan harajin gidajen da suka riga suka zama kufai. Ƙorafi ya yi yawa, kuɗi kuma ya ƙi shigowa yadda ake so.

Sarki Jean na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1399 zuwa 1442, shi ya ba da umarnin sake ƙidaya a 1426. Aikin ya ɗauki shekaru, ana ta gyare-gyare har wajen 1443. An tura wakilai gunduma-gunduma. Sukan tara wasu dattawan wurin, su rantsar da su, sa'an nan su rubuta sunayen magidanta: wane mai sarauta ne, wane manomin gidan mai sarauta ne, wane matalauci ne da ba ya iya biyan komai, wane kuma mai biya ne. Daga nan aka bi ma'aunin da ya sauya ma'anar kalmar: magidanta uku masu biya su ne murhu ɗaya. Jimillar ta sauko zuwa kimanin dubu 45. Wani ɓangare na wannan raguwa mutuwa da ƙaura ne suka jawo shi, wani ɓangaren kuwa sauyin ma'auni ne. Daga wannan lokaci murhu ya tashi daga wurin girki ya zama awo na lissafi, har ana iya cewa gunduma kaza tana da murhu ashirin da sulusi.

Bari mu buga misali na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke aiki. A ce wata gunduma tana da magidanta 60 masu biya, aka rubuta mata murhu 20. A ce kuma a wata shekara an yanka liba 3 a kan kowane murhu; liba ita ce babban ma'aunin kuɗinsu. Bashin gunduma ya zama liba 60, wato kusan liba ɗaya ke nan a kan kowane magidanci, mai hali ya ɗara haka, mara hali ya gaza. Yanzu a ce bayan shekara ashirin magidanta 15 sun mutu ko sun yi ƙaura, ba a kuwa gyara littafi ba. Liba 60 ɗin nan za ta hau kan mutum 45. Nauyin kowa ya ƙaru da sulusi alhali sarki bai ƙara ko anini ba. Idan kuma maƙwabciyar gunduma ta ƙaru da baƙi a daidai wannan lokaci, nata nauyin raguwa zai yi. Ka ga mutum biyu masu gona iri ɗaya, rafi kawai ya raba su, amma harajinsu ya sha bamban. Wanda nauyi ya yi wa yawa sai ya tattara iyalinsa ya haye rafi, ya bar wa na baya ƙarin kaya.

Matsala ta biyu ita ce ta waɗanda aka ɗauke wa biya. Masu sarauta ba sa biyan kuɗin murhu, bisa hujjar cewa su da jininsu suke biya, tun da wajibi ne su fito da doki da makami idan sarki ya kira. Malaman coci ma ba sa biya. Manomin da ke riƙe da gonar gidan mai sarauta, suna raba amfani, shi ma yakan fake a inuwar ubangidansa. Haka masu aiki a gidan buga kuɗi da wasu bayin fada. Manyan birane kuwa an cire su daga littafin murhu, suna biyan wani kuɗi dabam a dunƙule, wanda a bisa yawan dukiyarsu ya fi sauƙi. Saboda haka kuɗin murhu ya zama harajin manomin karkara, alhali majalisar da ke amincewa da shi ta ƙunshi waɗanda ba sa biyansa.

Biretanyi tana da ƙananan masu sarauta da yawa ƙwarai, wasunsu ba su fi maƙwabtansu manoma wadata ba. Wannan ya sa iyaka tsakanin mai sarauta da talaka ta zama fagen shari'a. Idan manomi ya yi arziki, abin da ya fi yi masa riba shi ne ya ce shi jinin sarauta ne. Mutanen gunduma kuma sai su tashi tsaye su ƙaryata shi, domin shi ne ya kamata ya ɗauki kaso mafi tsoka, fitarsa daga littafi kuwa asararsu ce kai tsaye. Shaidu sukan zo su faɗi abin da suka sani: ko ubansa ya taɓa biya, ko ya taɓa fita yaƙi a kan doki, ko an raba gadon gidansu irin rabon masu sarauta. Dokar ƙasar ta kuma tanadi cewa mai sarautar da ya shiga fatauci zai riƙa biya muddin yana cikin sana'ar; sarautarsa tana barci ne, ta farka ranar da ya bari. Su kansu sarakunan sun ƙara wa al'amarin wuya, domin sukan saka wa bayinsu da takardar sarauta ko ta 'yanta gida daga haraji. A bisa ƙa'ida, idan aka yi haka sai a rage wa gunduma murhu ɗaya ko wani yanki nasa. Amma mutumin da aka 'yanta yawanci mai hali ne, wanda abin da yake biya ya fi abin da aka rage. Sauran kuma ya koma kan talakawa.

Ko a cikin gunduma, ƙa'idar mai ƙarfi ya ɗauki mara ƙarfi ta dogara ne ga amanar masu rabo. Ba su da littafin awon gonaki. Abin da suke da shi shi ne sanin juna: shanun wane nawa ne, rumbun wane ya cika bana. Wannan sani yana da amfaninsa, domin babu ma'aikacin fada da zai san halin gwauruwar da mijinta ya rasu bara kamar yadda maƙwabcinta ya sani. Amma inda sanayya take, nan son kai da tsoro suke. Mai rabo yana da surukai, yana da wanda yake bi bashi, yana da wanda ke binsa. Ga kuma shingen harshe: a yammacin masarautar talakawa harshen Bireton suke yi, takardun baitulmali kuwa da Faransanci ake rubuta su.

Ƙarshen ƙarni na 15 ya fito da raunin tsarin a fili. Sarki François na Biyu, wanda ya hau a 1458, ya shafe mulkinsa yana ƙoƙarin kare 'yancin masarautarsa daga sarkin Faransa. Sojojin haya da bindigogi da ganuwoyi duk kuɗi suke ci, kuma kuɗin murhu ya zama mafi girman abin da ke shiga baitulmali. Adadin murhu a littafi yana raguwa saboda rangwame da 'yantarwa, har ya faɗi ƙasa da dubu 40, abin da ake yanka wa kowane murhu kuwa yana ninkuwa. Ma'ajin ƙasa Pierre Landais, wanda ya riƙe baitulmali tun 1460, ya tara maƙiya a cikin manyan masu sarauta, aka rataye shi a Nantes a 1485. A 1488 sojojin Faransa suka karya rundunar Biretanyi a Saint-Aubin-du-Cormier, sarkin ya rasu bayan 'yan makonni. 'Yarsa Anne ta auri sarkin Faransa Charles na Takwas a 1491, a 1532 kuma aka haɗe masarautar da Faransa.

Sarauta ta tafi, amma littafin murhu ya zauna. Sarakunan Faransa sun gaji kuɗin murhu kamar yadda suka same shi, aka ci gaba da raba shi a bisa adadin da ya samo asali daga ƙidayar Jean na Biyar, da 'yan gyare-gyare, har zuwa juyin juya halin da ya fara a 1789. Wato manomin ƙarni na 18 yana biya ne gwargwadon yawan mutanen da suka zauna a gundumarsa kimanin shekara ɗari uku kafin a haife shi. Su kuwa takardun ƙidayar, waɗanda aka rubuta don a san mai biya, daga baya sun zama hujjar da iyalai ke kawowa don su nuna cewa kakanninsu masu sarauta ne, ba a taɓa bin su kuɗin murhu ba.