Yadda LinuxCNC da Machinekit suka raba gari

Akwai injin da ake ce ma CNC: kwamfuta ce ke riƙe da wuƙar, tana yanka ƙarfe ko katako daidai da zanen da aka ba ta. Manhajar da ke tuƙa irin wanga inji ba ta da damar yin jinkiri. In umarni ya makara ko da ƙiftawar ido, aikin ya ɓaci, wani lokaci har wuƙar ta karye.

Labarin ya faro a Amurka cikin shekarun 1990, inda hukumar gwamnati NIST ta rubuta wata manhaja, EMC, ta sake ta kyauta. Ƴan sa-kai suka karɓa suka ci gaba da gyara, a 2012 suka canza mata suna zuwa LinuxCNC. Amma dai don babbar kwamfutar tebur aka gina ta.

A 2013 sai BeagleBone Black ya fito, ƴar kwamfuta kamar tafin hannu, dala 45. Abin da ya ja hankali shi ne ƙananan ƙwaƙwale biyu da ke cikinta, PRU, masu aika bugun lantarki ga abin da ke tura wuƙar a kan lokaci, ba sai sun jira Linux ba. Wasu masu rubuta LinuxCNC suka so a sake ginin manhajar domin irin waɗannan ƙananan. Sauran suka fi son a bi sannu, tunda akwai masu shaguna da ke cin abinci da tsohon tsarin. A 2014 aka raba gari, Machinekit ta fita.

Mu ƴan ilimin harshe mun san wanga abu. Damagaranci da Kananci sun bambanta, amma suna nan harshe guda domin ana haɗuwa a kasuwa. Su kuwa waɗannan, gyaran da aka yi a ɗaya ya daina shiga ɗayar da sauƙi, hanyar kasuwar ta toshe.

To mi ya faru? LinuxCNC da ake gani tana ja da baya ta riƙa matsowa. A 2015 ta karɓi PREEMPT_RT, gyaran da ke sa Linux cika alƙawarin lokaci, yau kuma tana aiki a kan Raspberry Pi. A 2024 wancan gyaran ya shige cikin Linux 6.12 kanta. Machinekit kuwa ta sake rabuwa gida biyu, aiki ya yi sanyi.

A ganina ƴan Machinekit sun hango gaskiya: ƙananan kwamfutoci ne gaba. Hannuwan gyara ne suka yi masu kaɗan. Wanda ya haɗa injinsa da BeagleBone a 2015 yau zaɓi biyu gare shi: ya zauna da tsohuwar manhaja yana addu'ar kada allon ya ƙone, ko ya kwance wayoyi ya sake haɗi daga farko.